Fasahar Bidiyo: A Juyo Hoto, Kada A Baro Sauti A Faifai

Akwai wani abin takaici da ke faruwa da matasa masu tara finafinai a kwamfuta, kuma da yawansu ba su ma san yana faruwa ba. Mutum zai zuba kuɗinsa ya sayi faifan Blu-ray na asali, ko wani ɗan'uwa ya aiko masa daga Dubai ko Landan, ya kwana yana juye shi zuwa fayil don ya huta da sa faifai da cirewa. Gari na wayewa ya buɗe, hoto ya fito tangaram, har ana iya ƙirga gashin girar jarumi. Sai ya yi hamdala, ya jefa faifan cikin kwali. Bai sani ba, wani babban kaso na abin da ya biya kuɗi dominsa yana nan kwance a faifan bai fito ba. Wato sauti.

Batun da filin ya ɗauko a wannan watan ke nan: yadda ake juye faifai a samu sautinsa cikakke, kamar yadda ya baro situdiyo. Maganar tana da muhimmanci yanzu fiye da da, domin kasuwar faifai sai ja da baya take yi. Kamfanin Samsung ya daina fitar da sababbin na'urorin kallon Blu-ray a Amurka tun 2019, Sony kuma ya tsayar da ƙera faifan Blu-ray na ɗauka a 2025. Ga zafi, ga ƙurar hunturu, ga ƙanne masu wasa da duk abin da ke ƙyalli. Ranar da faifai ya karce ya ƙi tashi, abin da aka juyo shi kaɗai ya rage a hannu.

ME KE CIKIN FAIFAN?

Faifan Blu-ray ya shigo kasuwa a 2006, ya yi kokawa da kishiyarsa HD DVD ta kamfanin Toshiba, har Toshiba ya sallama a watan Fabrairu na 2008. Mai hawa ɗaya yana cin gigabayit 25, mai hawa biyu 50, alhali DVD na yau da kullum 4.7 yake ɗauka. A 2016 aka fito da yayansa mai suna Ultra HD Blu-ray, wanda ke kai gigabayit 66 ko 100. Wannan yalwar wuri ce ta ba masu fim damar zuba sauti ba tare da sun datse shi ba.

Don a gane girman abin, sai a waiwayi baya. Sidin bidiyo, wanda aka sha kallon finafinan Hausa a kansa, sautinsa kilobit 224 ne a daƙiƙa, sifika biyu. DVD ya zo da Dolby Digital, wanda ba ya wuce kilobit 448, ko kuma DTS. Waɗannan biyun daga silima suka fito: Dolby Digital ya yi fitowarsa ta farko a fim ɗin Batman Returns a 1992, DTS kuma a Jurassic Park a 1993. Su ne suka saba wa jama'a da abin da ake kira 5.1, wato sifika uku a gaba, biyu a baya, da kuma ƙatuwar nan ta ƙasa mai gurnani.

Shi Blu-ray yana ɗauke da sautuka uku da suka fi waɗannan. Akwai LPCM, ɗanyen sauti da ba a matse ba sam. Akwai Dolby TrueHD, mai iya kai megabit 18 a daƙiƙa. Akwai kuma DTS-HD Master Audio, mai iya kai megabit 24.5. A juya bayan kwalin faifai, can ƙasa inda aka yi ƙananan rubutu, za a ga sunan ɗaya daga cikinsu. Su ne dukiyar da ake maganar kada a baro.

KILISHI DA AUDUGA

Matse sauti iri biyu ne, kuma duk wanda ya gane bambancinsu ya gama rabin karatun.

Na farko matsin kilishi ne. Ana yanka nama a shanya shi, ruwan ya tafi, ya yi sauƙin ɗauka, ga daɗi. Amma ko a jiƙa shi kwana bakwai ba zai koma ɗanyen nama ba. Haka MP3 da AAC da Dolby Digital da DTS na asali suke. Injiniyoyi sun yi nazarin kunnen ɗan'adam, suka gano cewa in ƙara mai ƙarfi ta tashi, ƙananan sautukan da ke kusa da ita ba a jin su. Sai aka koya wa na'ura ta riƙa zubar da waɗannan. Abin da ta zubar ya tafi har abada.

Na biyu matsin auduga ne. A danna ta a buhu a hau kai a tattake, ta ƙanƙance, amma ranar da aka kwance bakin buhun, nauyinta yana nan yadda yake, ko zare ɗaya bai ɓace ba. Haka TrueHD da DTS-HD Master Audio da FLAC suke. In na'ura ta warware su, lambobin da ke fitowa daidai suke da waɗanda injiniyan sauti ya bari a situdiyo, ɗaya bayan ɗaya.

Ga lissafi. Ɗanyen sautin 5.1 da aka ɗauka sau 48,000 a daƙiƙa, kowane ɗauka bit 24, yana cin kusan megabit 6.9 a daƙiƙa. Fim mai awa biyu zai haura gigabayit 6 a sauti kaɗai, fim ɗin Indiya mai awa uku kuwa ya haura 9. In an yi masa matsin auduga, yakan sauko zuwa rabi ko ƙasa da haka. Dolby Digital mai kilobit 640, wanda shi ne ƙololuwarsa a Blu-ray, megabayit 576 zai ci a awa biyu. Shi kuwa AAC na sifika biyu mai kilobit 160, megabayit 144 kacal. To, daga gigabayit 6 zuwa megabayit 144, ai mai karatu ya san ba addu'a aka tofa ba. An zubar da kaya ne.

A kula kuma da wani mai kama da wane. Akwai DTS-HD High Resolution, sunansa ya yi kusa da na Master Audio, amma shi ɗan gidan kilishi ne. Haka ma Dolby Digital Plus, wanda su Netflix ke amfani da shi.

TARKON ƊAN GOYO

Nan ne aka fi faɗawa rami. Lokacin da aka tsara Blu-ray, mutane da yawa suna da tsofaffin amfilifaya da ba su san sababbin sautukan ba. Don kada a bar su da fim bebe, sai aka goya wa kowane babban sauti wani ƙarami a baya.

A DTS-HD Master Audio, ɗan goyon yana cikin jikin uwar ne. Akwai tsohon DTS mai kusan megabit 1.5, wanda ake kira ƙwaya, sannan a kansa aka ɗora ƙarin bayanan da ke cike duk abin da ƙwayar ta zubar. Tsohuwar na'ura ta karanta ƙwayar ta yi gaba, sabuwa ta haɗa biyun ta fitar da cikakken sauti. A TrueHD kuwa, ɗan goyon Dolby Digital ne mai zaman kansa, an dai saƙa su tare a faifai suna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Matsalar ita ce manhajar juye faifai tana iya ɗauko ɗan goyon ta bar uwar, kuma ba za ta yi ƙorafi ba. Fim zai yi magana, sifiku shida duk za su yi ƙara, a fuskar talabijin a ga an rubuta DTS, mutum ya ɗauka ya gama. Shekara da shekaru haka abin yake ga duk manhajar da ta dogara da FFmpeg wajen warware DTS, domin ƙwayar kaɗai take iya karantawa. Sai a 2016, da fitowar FFmpeg 3.0, aka sa mata sabon mawarwari mai karanta DTS-HD gaba ɗaya. Saboda haka duk wanda ke da tsofaffin fayilolin da aka juye kafin wannan shekara, yana da kyau ya bincike su tun faifan na raye.

Asarar ba ta tsaya ga tsabtar sauti ba. Ɗan goyo ba ya wuce 5.1 a mafi yawan faifai. In fim ɗin 7.1 ne, sifika biyu sun rasa nasu rabon na daban. In kuma yana da Dolby Atmos, wanda aka fara ji a silima da fim ɗin Brave a 2012, ya shigo faifai da Transformers: Age of Extinction a 2014, to bayanansa suna cikin TrueHD ne. Su ne ke gaya wa na'ura cewa jirgin nan ta saman kai zai wuce. Haka DTS:X na 2015 yake zaune a cikin Master Audio. Aka bar uwar, an bar su.

MAZUBI DABAN, ABINCI DABAN

Matasa da yawa suna cewa "MKV ya fi MP4 kyau", ko akasin haka. Ai MKV da MP4 kwanuka ne kurum. Kyawun tuwo ba daga kwano yake ba, sai dai wani kwanon ya fi wani ɗaukar kaya. MKV, wanda cikakken sunansa Matroska, an fara shi a ƙarshen 2002, sunan kuma daga 'yartsanar nan ta Rasha aka samo shi, wadda in an buɗe ta sai a tarar da wata a ciki, a buɗe waccan a tarar da wata. Yana karɓar TrueHD da DTS-HD da FLAC da LPCM, sauti goma in ana so, da fassarar ƙasan allo irin ta Blu-ray, da rabe-raben babi. Masu son finafinan Indiya sun san amfanin babi, domin da shi ake tsallakawa kai-tsaye zuwa waƙa. MP4 ya fi shiga kowace waya da kowace talabijin, amma na'urori da yawa ba sa karanta manyan sautukan nan a cikinsa. Don ajiya dai, MKV ne.

HANYOYI UKU

Kafin komai, sai kwamfuta ta samu abin karanta Blu-ray. Na DVD ba zai yi ba, domin shi jan haske yake amfani da shi, Blu-ray kuwa shuɗi mai siririn baki. Akwai na waje da ake jonawa ta USB.

Hanya ta farko, wadda ta fi kowace aminci, ita ce sauya mazubi kawai. A kwashe hoto da sauti daga faifai a zuba a MKV ba tare da an taɓa ko ɗaya ba. Manhajar MakeMKV aikinta ke nan, ba ta matse komai. In ta buɗe faifai za ta jero sassan da ke ciki, a zaɓi wanda tsawonsa ya yi daidai da fim ɗin, a buɗe ƙarƙashinsa. A nan za a ga babban sautin, ga ɗan goyonsa a ƙasansa, kowanne da ɗan akwatin sa alama. Kada a yarda da alamar da manhajar ta sa da kanta, a duba da ido. A tabbata layin da aka rubuta TrueHD ko DTS-HD MA yana da alama. Fayil ɗin zai fito da nauyi, sau da yawa gigabayit 20 zuwa 40, amma shi ne faifan kansa ba tare da roba ba. Wannan shi ne uwar kwafi.

Hanya ta biyu ta mai ƙarancin wuri ce: a matse hoto, a bar sauti ya wuce lafiya. Nan HandBrake ke shigowa, manhajar kyauta da aka fara a 2003. Ita kullum sai ta sake matse hoto, kuma tsare-tsarenta na gaggawa suna mayar da sauti AAC na sifika biyu, irin mai kilobit 160 ɗin nan da aka yi lissafi a sama. Yawancin asarar da ake yi daga nan take fitowa, mutum ya danna maɓalli bai leƙa shafin sauti ba. Gyaran ba wuya. A zaɓi MKV a matsayin mazubi, a shiga shafin sauti, a zaɓi layin babban sautin, a wurin nau'in matsi a ɗauki TrueHD Passthru ko DTS-HD Passthru. Ma'anar kalmar ita ce a bar shi ya wuce yadda ya zo. A lura, DTS Passthru da DTS-HD Passthru ba ɗaya ba ne. Masu aiki da FFmpeg kai-tsaye kuwa, umarnin -c:a copy ne ke kwafe sauti ba taɓawa, -map 0 kuma ke sa a ɗebo dukan layuka, domin in an bar ta da zaɓinta layin sauti ɗaya tak take ɗauka.

Hanya ta uku ita ce a mayar da sautin FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, kyauta ga kowa, yana ɗaukar sifika har takwas. Tunda daga buhun auduga ne zuwa wani buhun auduga, ba a rasa komai na sautin kansa. Ya fi amfani ga faifan da ke da ɗanyen LPCM, domin zai rage nauyi sosai. Sharuɗɗa biyu ne. In asalin bit 24 ne, a zaɓi FLAC mai bit 24, kada a sauke shi zuwa 16. Sannan in faifan yana da Atmos ko DTS:X, kada a mayar da shi FLAC, domin FLAC bai san inda zai ajiye bayanan saman kai ba, zai riƙe 7.1 ya saki sauran.

Ko wace hanya aka bi, dabarar masu wayo ita ce a sa sauti biyu a fayil ɗaya: babban don ajiya da ranar kallo na musamman, da ƙaramin AAC ko Dolby Digital don waya da talabijin. Ƙarin 'yan megabayit ne kawai. Da manhajar MKVToolNix ana iya ƙara layi, a cire layi, a sa wa kowanne suna, a nuna wanda zai fara tashi, duk cikin 'yan mintuna ba tare da an sake matse komai ba.

A AUNA KAFIN A BAR KASUWA

Sunan fayil ba shaida ba ne, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Manhajar MediaInfo ce ma'auni. A jefa mata fayil ɗin a duba sashen sauti. In Master Audio ne na gaskiya, za a ga DTS XLL. In TrueHD ne za a ga MLP FBA, mai Atmos kuma a ga an ƙara 16-ch a gabansa. A layin yanayin matsi za ta rubuta Lossless, wato ba a zubar da komai ba. In aka ga DTS zalla da kilobit 1,509 a gefensa, to ɗan goyo aka ɗauko, sai a koma kan faifai. A kuma tsallaka zuwa tsakiyar fim da ƙarshensa a ga ko baki da magana suna tafiya tare, kafin a mayar da faifan kwali.

AN JUYE DAIDAI, AMMA FIM YA ƘI MAGANA

Wannan ma yana faruwa, har mutum ya zaci aikinsa ne ya lalace. Sau da yawa fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, hanyar da sautin zai bi ce ta yi masa ƙunci.

Talabijin da yawa, in an soka masu filas, ba sa karanta TrueHD, wasu ma ko DTS ba sa karantawa. Samsung, alal misali, ya cire DTS daga talabijin ɗinsa tun daga samfurin 2018. Sai hoto ya yi ta gudu shiru. Amfanin ƙaramin layin nan na biyu ke nan. A kwamfuta kuwa, VLC da Kodi suna warware duka.

Sai batun waya. Siririyar wayar nan mai jan haske a baki, wadda ake haɗa talabijin da hom tiyata da ita, ba ta iya ɗaukar TrueHD ko Master Audio. Iyakarta ɗanyen sauti na sifika biyu, ko Dolby Digital, ko tsohon DTS. Manyan sai ta HDMI, wanda ya samu wannan iko tun sigar 1.3 ta 2006. In sautin zai fito daga talabijin ne ya koma amfilifaya, ramin da aka rubuta ARC bai isa ba, sai mai eARC, wanda ya zo da HDMI 2.1 a 2017. Sifikar Bluetooth ta yau da kullum kuma, komai tsadarta, sai an sake yi wa sautin matsin kilishi kafin ya isa gare ta.

Filas ɗin kansa ma yana da nasa. In tsarinsa FAT32 ne, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4, ko da kuwa wuri ya yi yawa. A mayar da shi exFAT ko NTFS, bayan an kwashe abin da ke ciki.

Akwai kuma kukan da ake yawan ji, wai magana ƙasa-ƙasa, harbi kuwa kamar zai fasa kunne. Dalili shi ne a 5.1 kusan duk maganar 'yan wasa tana sifikar tsakiya ce. In aka cusa sifika shida cikin biyu, sai maganar ta nutse a cikin kiɗa da ƙarar motoci. Wanda ya ajiye cikakken sauti yana iya sake yanko wani na sifika biyu ya ɗaga tsakiyar. Wanda ya riga ya cakuɗa su, sai dai ya yi ta fama da rimot.

WAI KUNNE NA JIN BAMBANCIN?

Gaskiya ɗaya ce: a waya, ko a sifikar cikin talabijin, ko a ɗakin da janareta ke ruri a bayan taga, da wuya wani ya bambance TrueHD da Dolby Digital mai kilobit 640. Ko da kayan kirki ma, ba kowane kunne ke kamawa ba. Duk wanda ya ce bambancin kamar dare da rana ne a kowace na'ura, ya ƙara gishiri. Wani lokaci ma ɗaya layin ya fi ɗaya ƙara ne kawai, kunne kuwa yakan ɗauki mai ƙara a matsayin mai kyau.

To me ya sa za a wahala? Saboda ajiya ake yi. Saurayin da ke kallo a waya yau, wataƙila nan da shekara biyar ya yi aure ya jera hom tiyata a falo. Kuma duk wanda ya yi zamanin kaset ya san yadda kwafin kwafi yake, kowane juyi sai hoto ya ƙara dushewa, sauti ya ƙara shaƙewa. Matsin kilishi ma haka yake, in an matse abin da aka riga aka matse, asara kan hau kan asara. Mai uwar kwafi yana yanko na waya yau, na talabijin gobe, kowanne daga tushe mai tsabta. Mai wuri kaɗan sai ya zaɓa: finafinan da yake ji da su, musamman masu waƙoƙi da kiɗa, ya ajiye su cikakku, sauran ya matse.

SAƘO GA 'YAN INDUSTIRI

Kasuwar finafinan Hausa ba ta zauna a kan Blu-ray ba. Tun daga Turmin Danya na 1990, tafiyar daga kaset ce zuwa sidi, zuwa DVD, sannan tashoshi irin su Arewa24 da kuma YouTube. Amma darasin ya shafi furodusa da edita fiye da kowa. Sidin bidiyo kilishi ne, abin da YouTube ke miƙo wa mai kallo ma kilishi ne. Wanda ya sauke waƙar fim daga can ya mayar da ita FLAC, nauyi kawai ya ƙara mata, kamar a zuba kilishin a ƙaton buhu. Cikakken sautin fim ɗin Hausa wuri ɗaya yake: kwamfutar situdiyon da aka buga kiɗan da ta editan da ya haɗa fim ɗin. In an gama aiki, a fitar da sautin a WAV ko FLAC, magana daban, kiɗa daban, a ajiye a wuri biyu. Ranar da wata tasha ta nemi tsohon fim, ko aka so fassara shi zuwa wani harshe, wanda ya ware maganarsa daga kiɗa shi zai ci kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

INDA DOKA TA TSAYA

Faifan Blu-ray na kasuwa yana zuwa da makulli mai suna AACS, wasu har da ƙarin BD+. HandBrake ba ta buɗe wannan makulli. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka dokar 1998 ta hana karya irin wannan makulli, ko da faifan na mutum ne. A Nijeriya ma, sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi sashe kan karya makullan fasaha da ke kare ayyuka. Don haka kowa ya san dokar inda yake zaune kafin ya sa hannu. Abin da ba shi da ja-in-ja a ko'ina shi ne juye fim a riƙa tura wa mutane a waya ana karɓar kuɗi, ko a watsa shi a intanet. Wannan satar fasaha ce, kuma masu karanta wannan mujalla sun ga yadda ta durƙusar da furodusoshi a Kano da Kaduna da Jos. Mai fim ɗin Indiya ko na Amurka ma guminsa ne.

Saboda haka, wanda ke da faifansa na halak kuma doka ta ba shi dama, ya fara da uwar kwafi a MKV, ya duba alamar babban sauti da idonsa, ya auna da MediaInfo, ya ƙara ƙaramin layi don waya, sannan ya ajiye faifan a inuwa cikin kwalinsa, kada ya bayar kada ya yar. A wata mai zuwa, in Allah Ya kai rai, filin zai leƙa batun fassarar ƙasan allo, da dalilin da ke sa wani lokaci ta riga bakin jarumi magana.